Labarin Gunpei Yokoi, Maƙerin Kayan Wasa Na Japan

Ran 4 ga Oktoba, 1997, wani mutum mai suna Gunpei Yokoi ya rasu a kan babbar hanyar mota ta Hokuriku, a ƙasar Japan, yana da shekara 56. Galibin yaran Amurka da Ingila da Faransa waɗanda su ka girma da abin da ya ƙera a hannunsu ba su san sunansa ba. Mun ga ya kamata mu kawo labarinsa a wannan fili, domin ta kan ɗan akwatin da ya ƙera ne wasannin labari na Japan su ka sami babbar ƙofar shiga gidajen Turawa, shi kuwa bai yi tsawon ran ganin haka ba.

An haife shi a birnin Kyoto ran 10 ga Satumba, 1941, ya yi karatun ilmin lantarki a Jami'ar Doshisha, nan cikin birnin. Cikin 1965 ya kama aiki a kamfanin Nintendo, wanda tun 1889 sana'arsa buga karta ce. Aikin da a ka ba shi ba wani babba ba ne, watau duba injuna, in sun lalace ya gyara. Da ya ke aikin ba ya cinye masa yini, sai ya riƙa 'yan ƙere-ƙerensa. Wata rana shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gan shi da wani hannu na wasa, mai miƙewa ya kamo abu daga nesa. Maimakon faɗa, sai ya umurce shi ya mai da abin haja. A ka sa masa suna Ultra Hand, a ka sayar da fiye da miliyan 1. Daga nan makanike ya zama mai tsara kayan wasa.

Yokoi yana da wani ra'ayi wanda ya riƙe har ƙarshen ransa. A ganinsa, mai ƙira kada ya yi ta bin sabuwar fasaha mai tsada wadda ba a gama sanin halinta ba. Gara ya ɗauki wadda ta kwana biyu, ta yi araha, an san cutarta da maganinta, ya nemo mata wani amfani da ba wanda ya tuna da shi. Mu nan mu kan ce da tsohuwar zuma a ke magani. Labari ya nuna cewa a cikin jirgin ƙasa ya ga wani fasinja, zama ya ishe shi, yana ta danne-dannen na'urar lissafi ta aljihu don ya kashe lokaci. A zamanin nan gilashin irin wannan na'ura ya riga ya yi araha. Da shi Yokoi ya yi 'yan wasannin aljihu masu suna Game & Watch cikin 1980, a ka sayar da fiye da miliyan 43. A kan ɗayansu ne, cikin 1982, ya fito da madanni mai hannu huɗu, sama da ƙasa, dama da hagu, wanda masu ƙera na'urorin wasa su ka yi ta kwaikwayo.

Babban aikinsa ya fito ran 21 ga Afrilu, 1989. Shi da mataimakinsa Satoru Okada da sauran mutanen sashensa su ka ƙera Game Boy, akwatin wasa na hannu wanda a ke sauya masa wasa kamar yadda a ke sauya faifai. Allonsa ba launi, sai duhu da haske hawa huɗu a kan kore-kore. Kamfanonin Atari da Sega su ka fito da nasu masu launi, amma batir shida su ke ci, kuma cikin 'yan sa'o'i sun shanye su. Na Yokoi kuwa batir huɗu ne, su na daɗewa ƙwarai, ga shi kuɗinsa a Amurka kimanin dala 90 ne. Har wa yau an yi masa wata waya ta haɗa akwati biyu, don mutum biyu su yi wasa tare. Masu karatu su riƙe zancen wayar nan, za mu komo kanta.

To, mene ne wasan labari? Shi ne wasan da mutum zai shiga rigar wani jarumi, ya yi ta yawo gari gari, yana magana da mutane, yana yaƙi da dodanni, ƙarfinsa na ƙaruwa kaɗan kaɗan, har ya kai ƙarshen tatsuniyar bayan sa'o'i masu yawa. Asalinsa daga Amurka ne, amma mutanen Japan su ka sauƙaƙa shi, su ka ƙawata shi. Da Dragon Quest ya fito cikin 1986, da Final Fantasy cikin 1987, sai abin ya zama ruwan dare a Japan.

Amma kai shi ƙasashen Turawa ya yi wuya, domin rabin wasan karatu ne. Rubutun Japan ya kan faɗi magana mai yawa da 'yan haruffa, Turanci kuwa sai ya miƙe, ga wurin ajiya a cikin na'ura ƙanƙane. Tilas mai fassara ya yi ta datse zance. Ban da wannan, reshen Nintendo na Amurka a shekarun nan ya kan sa a cire alamun addini da zancen giya. Dragon Quest sai cikin 1989 ya isa Amurka, da sabon suna Dragon Warrior, an juya shi da Turanci irin na mutanen dā. Bai yi kasuwa yadda a ka zata ba, har cikin 1990 a ka riƙa ba da shi kyauta ga masu biyan kuɗin mujallar Nintendo Power. Final Fantasy na 4 da ya je Amurka cikin 1991 sai a ka kira shi na 2, don an tsallake biyu ba a fassara ba. Wasan labari na farko a kan Game Boy, mai suna SaGa, an laƙaba masa sunan Final Fantasy Legend cikin 1990 don a sami masu saye. Shi Yokoi kansa ya shugabanci aikin Fire Emblem cikin 1990, amma sai 2003 wani daga cikin jerin wasan ya fita da Turanci. Watau dai a lokacin ana ganin wasan labari abin mutanen Japan ne, da 'yan tsirarun masu sha'awa a waje.

Cikin 1995 Yokoi ya gamu da babbar faɗuwa. Nintendo ta fito da Virtual Boy, na'urar da a ke leƙawa da ido biyu a ga hoto kamar mai zurfi, ja a kan baƙi. Mutane su ka yi kukan ciwon kai da gajiyar ido, ba a sayar da ko miliyan 1 ba, a ka daina yin ta. Ya tsaya ya kammala ƙaramin Game Boy mai suna Pocket, sa'an nan cikin Agusta 1996 ya bar kamfanin, bayan shekara 31. Jama'a da yawa su ka ɗauka faɗuwar ce ta kore shi, ko da ya ke waɗanda su ka yi aiki da shi sun ce ya daɗe da niyyar ya tafi ya kafa nasa. Ya kuwa kafa kamfani mai suna Koto, ya shiga ƙera wa kamfanin Bandai wani akwatin wasa, WonderSwan.

Yanzu mu koma kan wayar nan. Wani saurayi, Satoshi Tajiri, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kamun ƙwari, da ya ga wayar sai ya raya a ransa ƙwari na bi ta cikinta daga akwati zuwa akwati. Sauran masu ƙira gasa su ke yi da ita, shi kuwa ya ga hanyar musaya. Ya shekara shida yana aiki da mutanensa na Game Freak, ran 27 ga Fabrairu, 1996, Pocket Monsters ya fito, wasan labari mai halittu 151. An yi shi iri biyu, Ja da Kore, kowane da waɗansu halittun da babu a ɗayan, saboda haka ba mai tara su sai ya nemi aboki sun yi musaya. Akwatin da a ke cewa ya tsufa sai ya sake tashi a Japan.

Yokoi ya ga farkon wannan, amma bai ga ƙarshensa ba. Motar da ya ke ciki ta bugi wata babbar mota ta baya, ya fito ya duba ɓarnar, sai wata mota mai wucewa ta buge shi. Wata guda kafin haka Final Fantasy na 7 ya isa Amurka a kan na'urar kamfanin Sony, ya jawo hankalin samari. Ƙananan yara kuwa sai cikin Satumba 1998, sa'ad da wasan Tajiri ya sauka Amurka da sunan Pokémon, iri biyu, Ja da Shuɗi, ya kuma isa Turai cikin 1999. Wannan karon masu fassara sun yi aiki da natsuwa. Su ka raɗa wa galibin halittun sababbin sunaye masu ma'ana a kunnen yara: wanda a ke kira Hitokage a Japan ya zama Charmander a Amurka da Ingila, Salamèche a Faransa, Glumanda a Jamus. Pikachu kuwa a ka bar masa sunansa ko'ina. Miliyoyin yara su ka fara sanin wasan labari ta nan, a kan allon nan marar launi. Game Boy da ƙanensa mai launi, in an haɗa, an sayar da fiye da miliyan 118.

WonderSwan ya fito cikin 1999, tare da wani wasa da a ka sa wa suna Gunpey don tunawa da shi. Cikin 2003 taron masu ƙera wasanni a Amurka ya ba shi lambar girma ta aikin rayuwa, shekara biyar da 'yan watanni bayan rasuwarsa.

Abu biyu mu ka tsinta a labarin nan. Na farko, labarin wata al'umma ba ya shiga wata sai ya sami abin hawa mai araha da tafinta mai haƙuri. In ɗaya ya rasa, tafiya ta tsaya. Na biyu, mutumin da ya fara da gyaran injin karta bai jira kayan aiki na ƙwarai kafin ya soma ba, abin da ke gabansa ya duba da kyau. Malami a aji da akawu a ofis, kowa ya san irin tsohuwar zumar da ke ajiye a wurinsa.