Kaka Moses: Manomiyar da ta fara zane tana dab da shekara 80

Amurkawa sun san ta da Grandma Moses, wato Kaka Moses. A kunnen Bahaushe sunan ya zauna daram ta fuska biyu: ga ta tsohuwa mai jikoki, ga kuma kaka da aikin gona da suka cika zane-zanenta.

An haifi Anna Mary Robertson ranar 7 ga Satumba, 1860 a Greenwich da ke jihar New York. Tana da shekara 12 ta shiga aikatau a gidajen manoma masu hali. A 1887 ta auri Thomas Moses, suka tafi noma jihar Virginia. Ta haifi 'ya'ya 10, biyar suka rasu suna jarirai. A 1905 suka dawo New York, ƙauyen Eagle Bridge, inda mijin ya rasu a 1927.

Ciwon gaɓoɓi ne ya raba ta da allura da ɗinkin ado, sai ta koma fenti. A 1938 wani mai tara kayan zane, Louis Caldor, ya hangi aikinta a tagar wani kantin magani a Hoosick Falls, ya saye. Shekara biyu bayan nan aka baje kolin zanenta ita kaɗai a birnin New York.

Ba gonar da ke gabanta take zanawa ba, ta ƙuruciyarta ce: masu girbi, masu tara ciyawa, keken doki, kabewa a fili, kowa da abin yi kamar ranar gayya. Tarakta da turakun waya, da suka riga suka shigo ƙauye, takan bar su a waje. Wahalar da ta sha ma ba ta cika fitowa ba. Duk wanda ya baro ƙauye ya zauna cikin Sakkwato ya san wannan begen. Dammunan gero a bakin rumbu ake tunawa, ba ƙaiƙayin sussuka ba. Mutanen biranen Amurka, da Yaƙin Duniya na Biyu ya jigata, irin wannan tunin suke nema, suka yi ta saye har a katunan gaisuwa.

Ta yi zane fiye da 1,500 kafin rasuwarta ranar 13 ga Disamba, 1961, tana da shekara 101. Farkon lamari 'yan daloli kaɗan take karɓa a kan kowanne. A 2006 an sayar da guda ɗaya, Sugaring Off, kan dala miliyan 1.2.