Rayuwar Furofesa Félix Guyon, Malamin Likitocin Mafitsara (1831-1920)

Duk wanda ya san unguwar Kara-Kara ta birnin Damagaram ya san asalinta: wuri ne da aka keɓe wa masu ciwon kuturta a gefen gari, zamanin da jama'a ke gudun su. Kuturta ciwo ne da ba ya ɓoyuwa. Amma akwai wani ciwon wanda ba a taɓa keɓe wa masu shi unguwa ba, domin riga na rufe shi, mai shi ne yake keɓe kansa da kansa. Wani dattijo ne da fitsari ya ɗaure masa, ya kwana yana murƙususu, kunya ta hana shi faɗa wa ƴaƴansa. Wata mace ce da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari. Wani kuwa yaro ne mai fitsarin jini. A yau akwai likitoci waɗanda aikinsu ke nan, ƙoda da mafitsara da hanyar fitsari, ana kuma koyar da fannin a jami'a kamar sauran fannoni. Da ba haka abin yake ba. Mutumin da ya fi kowa ɗawainiya a ƙasar Faransa har wannan aiki ya sami kujera a makarantar likita shi ne Félix Guyon, wanda ake furta sunansa Giyon.

An haife shi ranar 21 ga watan Yuli na shekara ta 1831 a garin Saint-Denis na tsibirin Réunion, cikin tekun Indiya, gabas da Madagaskar. A lokacin nan ana kiran tsibirin Bourbon. Mahaifinsa likita ne na sojan ruwa. Tun yana ƙarami iyayensa suka koma Faransa, ya tashi a birnin Nantes, a can ya fara karatun likita, sa'an nan ya wuce Paris.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan tsanin da ya hau, domin kowane matakinsa da jarrabawar gasa ake hawa, wadda ba cin maki kaɗai ake nema a cikinta ba, sai mutum ya wuce abokan karatunsa, gurabe kuwa kaɗan ne. Cikin 1854 ya ci jarrabawar zama ɗalibi mai kwana a asibiti, wato wanda ake tashi da tsakar dare in maras lafiya ya rikice. Cikin 1858 ya sami digirinsa na likita, kuma littafin binciken da ya gabatar a kan mahaifar mata yake, ba a kan mafitsara ba. Cikin 1861 ya bayyana wata ƴar hanya da jijiya ke ratsawa a wuyan hannu, wadda har yau littattafan likita ke kira da sunansa. Cikin 1862 ya zama likitan fiɗa na asibitocin Paris, shekara guda bayan haka ya ci babbar gasar da ke ba likita izinin koyarwa a jami'a. Shekararsa 32 ke nan, ya ƙoshi da sanin jikin mutum tun daga kai har ƙafa, ba abin da ya nuna a mafitsara zai ƙare.

To, yaya aikin mafitsara yake kafin shi? Tun zamanin Girkawa, rantsuwar da likitoci ke yi ta hana su tsaga mutum don fid da tsakuwa, ta bar wannan ga masu sana'arsa. Malamin nan na Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya yi bayanin bututun azurfa na fid da fitsari da yadda ake cire tsakuwa cikin littafinsa at-Tasrif, Turawa kuwa sun daɗe suna karanta shi. Duk da haka, ɗaruruwan shekaru aikin ya zauna a hannun waɗansu masu yawo gari gari da wuƙaƙensu, kusan yadda wanzamai ke yi a ƙasarmu, wani gwani ne, wani kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Ba maganin sa barci, ba sanin ƙwayoyin cuta. Da yawa daga waɗanda aka tsaga ba su tashi ba.

Cikin 1824 wani likitan Paris mai suna Jean Civiale ya fito da wata dabara: a zura ƙarfe siriri ta hanyar fitsari, a kama tsakuwar cikin mafitsara, a farfasa ta, ta fita da fitsari ba tare da an tsaga mutum ba. Aka ba shi ƴan gadaje a asibitin Necker domin masu tsakuwa. Dabarar ba ta raba mutane da haɗari ba ɗungum: Napoleon na Uku, wanda ya sarauci Faransa, ya rasu a Ingila cikin 1873 bayan an yi masa irin wannan aiki. Da Civiale ya rasu cikin 1867, sai aka danƙa wa Guyon sashensa. Manyan malaman fiɗa na lokacin suna ganin duk wanda ya tsare kansa a gaɓa ɗaya ta jiki ya rage wa kansa daraja, balle gaɓar da ko sunanta ba a son ambatawa a gaban mutane. Guyon ya karɓa, ya kuma zauna a wurin shekara 39.

Abin da ya fara yi shi ne faɗaɗa aikin. Civiale mai tsakuwa ne. Shi kuwa ya ɗauki hanyar fitsari dukanta, daga ƙoda har waje, a matsayin abu ɗaya wanda in ƙasa ta toshe sama za ta lalace. Ya koya wa ɗalibansa su fara da tambaya kafin su taɓa ƙarfe: sau nawa mutum ke tashi da dare, yaya ƙarfin fitsarin, jinin a farko yake zuwa ko a ƙarshe, zafin kafin ne ko bayan. Daga amsoshin nan ake gane inda ciwon yake. Sa'an nan a duba da hannu. Akwai wata hanya ta taɓa ƙodar da ta kumbura, hannu ɗaya a baya ɗaya a ciki, wadda ake kira da sunansa. Ƙarfe shi ne na ƙarshe, kuma a hankali, domin hanyar fitsari ba ta son ƙarfi. Wanda ya tura da gaggawa sai ya huda wata hanya inda babu. Ya gyara ƙarafan da ake buɗa hanya da su in ta ƙuntata, ya sa musu ɗan zare mai laushi a gaba yana yi musu jagora, ya kuma ƙera abin ɗiga magani daidai inda ciwo yake.

Abu na biyu shi ne tsabta. A wancan zamani sau da yawa akan sa wa mutum bututu ya sami sauƙi, bayan kwana biyu zazzaɓi ya kama shi da makyarkyata, ya mutu. Guyon yana cikin likitocin fiɗa da suka saurari Louis Pasteur tun da wuri a kan maganar ƙwayoyin cuta, ya kuma bi shawararsa ta wanke mafitsara da ruwan sinadarin borik. Daga baya shi da ɗalibansa suka nuna da gwaji cewa fitsarin da ya tsaya cikin mafitsara shi ne ke share wa ƙwayoyin cuta fili, daga nan su hau zuwa ƙoda. Wannan bayani yana da amfani ga mai karatu har gobe. Dattijon da ke fitsari kaɗan kaɗan, mararsa ba ta sauka, yana cewa tsufa ne, ƙodarsa ce ke cin wuya a ɓoye.

Jami'a ba ta yi saurin amincewa ba. Cikin 1877 an naɗa shi furofesa, amma na cututtukan fiɗa baki ɗaya. Cikin 1881 ya buga darussan da yake bayarwa a bakin gadon marasa lafiya, littafin da aka yi ta sake bugawa ana fassara shi. Cikin 1883 aka fara fid da mujalla ta musamman a kan fannin, yana cikin jagororinta. Sai cikin 1890, bayan shekara 23 yana aikin, aka kafa kujerar koyar da cututtukan hanyar fitsari a makarantar likita ta Paris, aka ɗora shi a kai, yana gab da cika shekara 60. A ganina wannan ita ce babbar shekara a rayuwarsa, ta fi duk lambobin girma da suka biyo baya, domin daga ranar nan aikin ya daina zama gwanintar mutum ɗaya wadda za ta bi shi kabari. Sashen nasa na Necker ya zama makaranta sosai: ɗakunan kwanciya, wurin duba masu zuwa su koma gida, ɗakin bincike, ɗakin karatu, da wurin ajiye tsakuwoyi da gaɓoɓin da aka cire domin ɗalibai su gani da idonsu. Likitoci suka riƙa zuwa daga ƙasashen Turai da Amurka ta Kudu, su yi watanni ko shekaru, su koma su buɗe irinsa a garuruwansu.

Cikin ɗalibansa babu kamar Joaquín Albarrán, mutumin tsibirin Kuba, wanda aka haifa cikin 1860. Ya riga ya gama karatun likita a Sifaniya, amma da ya zo Paris sai ya sake hawa tsanin daga ƙasa, ya zo na ɗaya a gasar ɗalibai masu kwana a asibiti ta 1884. Wani Bajamushe, Max Nitze, ya riga ya ƙera madubin leƙa cikin mafitsara cikin 1879. Albarrán ya ƙara masa wani ɗan maƙalli a baki cikin 1897, wanda ke karkata siririn bututu ya shiga hanyar da ta sauko daga ƙoda. Da wannan aka sami damar ɗebo fitsarin kowace ƙoda dabam. Amfaninsa a fili yake: likita ba zai cire ƙodar da ta lalace ba sai ya tabbata ɗayar za ta iya riƙe mutum.

Ba a kowace magana Guyon ya yi daidai ba. A game da ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda likitoci ke kira furostat, shi da ke kumbura in shekaru sun ja ya matse hanya, ya ɗauka cewa ciwon wani reshe ne na taurin jijiyoyin jini da ke kama tsofaffi, saboda haka cire ƙululun ba zai yi wani amfani ba. Ya fi son a koya wa tsoho sa bututu da tsabta ya ci gaba da rayuwarsa. Wajen 1900 waɗansu likitoci, a Landan da kuma cikin gidansa na Necker, har da Albarrán kansa, suka nuna cewa in an cire shi fitsari na komowa. Abin yabo a nan shi ne makarantar da ya gina ita ce ta haifi masu gyara kuskurensa.

Girma ya zo masa ta ko'ina. Ya shiga majalisar masana likita ta Faransa cikin 1878, da ta masana kimiyya cikin 1892. Cikin 1896 aka kafa ƙungiyar likitocin mafitsara ta Faransa yana shugabanta, cikin 1907 kuma aka kafa ta ƙasashen duniya. Ya yi murabus cikin 1906, Albarrán ya gaje shi. Amma tarin fuka ya kama magajin, ya rasu cikin 1912 yana da shekara 51, malaminsa tsoho yana raye yana gani. Wani ɗalibin nasa, Félix Legueu, ya hau kujerar. Guyon ya rasu a Paris cikin 1920, ya kusa shekara 90. An sa wa babban asibitin garin haihuwarsa sunansa.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, cikin 1918, aka buɗe makarantar likita ta Dakar domin ƴan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Waɗanda suka fita daga cikinta mataimaka aka ɗauke su, tsanin da Guyon ya hau ba a jingina musu shi ba. Sai bayan samun mulkin kai, cikin 1968, shugabannin ƙasashe da suka taru a Yamai suka kafa majalisar CAMES, wadda ta ɗauki nauyin shirya wa likitocin Afirka irin waccan gasa ta zama malamin jami'a. Cikin 1974 aka buɗe makarantar kiwon lafiya ta jami'ar Yamai, cikin 2010 kuma Damagaram ta sami tata jami'ar.

Likitan mafitsara na ƙasarmu ya gaji tsanin da tsarin koyarwar, amma marasa lafiyarsa ba irin na Necker ba ne duka. Tsargiya ba ta cikin ciwace-ciwacen Paris. Wani Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsarta a Alƙahira cikin 1851. Daga ruwan tafki take shiga fatar yara masu wanka, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara, in an bar ta shekaru tana iya toshe hanyar ƙoda ko ta kawo ciwon daji, alhali ƙwayar magani na kashe ta. Yoyon fitsari kuwa yakan samu macen da kan jariri ya daɗe a ƙugunta kwana biyu ko uku ba a kai ta asibiti ba, kuma mafi yawansa ɗinki na gyara shi.