William Miller, Manomi da Soja

An haifi William Miller a garin Pittsfield, cikin ƙasar Amurka, ran 15 ga Fabrairu 1782. Ubansa soja ne da ya yi yaƙin da Amurka ta sami 'yanci daga Ingila. Uwarsa, Paulina, 'yar wani mai wa'azin Baptist ce. Su 16 aka haifa a gidan, shi ne babba. Yana shekara huɗu suka ƙaura zuwa Low Hampton, a jihar New York, inda ubansa ya kama gona. Makaranta kuwa kaɗan ya yi, sai dai yaron akwai son karatu. Da dare, sa'ad da mutanen gida suka kwanta, yakan hura wuta ya karanta littattafan da ya aro.

A 1803 ya auri Lucy Smith, ya zauna a garinsu, Poultney, Allah kuwa ya ba su 'ya'ya goma. A can ya faɗa cikin abokai masu ilimi waɗanda suka yarda akwai Mahalicci, amma suna cewa ba ruwansa da al'amuran mutane, Littafi Mai Tsarki kuma aikin 'yan adam ne. Miller ya bi su, har yakan kwaikwayi wa'azin kakansa domin abokai su yi dariya. Uwarsa ta sha baƙin ciki saboda wannan.

Da yaƙi ya sāke tashi tsakanin Amurka da Ingila a 1812, ya shiga soja, ya kai matsayin kyaftin. Ran 11 ga Satumba 1814 aka yi karo a Plattsburgh. Sojojin Ingila sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Harsashin igwa ya fashe dab da shi, ya yi wa mutanensa uku rauni, shi kuwa ko ƙwarzane. Duk da ƙarancinsu suka yi nasara. Abin ya tsaya masa a rai, gama Allahn da ba ya kula da mutane ba zai kāre kowa haka ba.

Bayan yaƙi ya koma Low Hampton, ya sayi gona. Yakan je sujada domin ya faranta wa uwarsa rai, in mai wa'azi ba ya nan sai a ba shi rubutaccen wa'azi ya karanta, gama ya fi dattawan iya karatu. Wata ran Lahadi a 1816, yana tsakiyar karantawa, muryarsa ta ƙi fita, ya zauna. Daga nan ya ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu. Tsofaffin abokansa suka yi masa ba'a da irin tambayoyin da shi kansa yakan yi wa masu bi dā. Domin ya amsa musu, ya shekara biyu yana bin Littafi Mai Tsarki aya aya, tun daga Farawa.

A nan ne manomin nan ya yi tuntuɓe. Ya ga kwana 2,300 cikin Daniyel 8:14, ya ɗauki kowace rana a kan shekara guda, ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu, lokacin umarnin sarki Artashate. Lissafi ya kai shi wajen 1843, ya ce a lokacin ne Ubangiji zai komo. Ya daɗe yana jin nauyin faɗa a fili, sai a 1831 ya fara wa'azi. Mutane da yawa suka tuba ta bakinsa, wannan ba mai musu. Wani fasto na Boston, Joshua Himes, ya riƙa buga koyarwar a jaridu, dubban mutane suka karɓa.

Maris na 1844 ya wuce, ba abin da ya faru. Sai wani cikin mabiyansa, Samuel Snow, ya tsai da ran 22 ga Oktoba 1844, Miller kuma ya yarda a ƙurarren lokaci. 'Yan'uwa manoma, ku duba abin da wannan ya jawo: waɗansu suka bar amfanin gona bai girbu ba, waɗansu suka rufe shaguna, suka rabar da abin hannunsu, ga sanyi yana tafe. Suka jira har tsakar dare, gari ya waye kamar kullum. Maƙwabta suka yi ta dariya, da yawa kuwa suka bar bangaskiya ɗungum. Matta 24:36 yana cikin littafin da Miller ya karanta sau da yawa, inda Ubangiji ya nuna Uba kaɗai ya san ranar.

Abin da za a yaba masa shi ne bai ɓoye kuskurensa ba. A 1845 ya rubuta a fili cewa ya yi kuskure wajen lokaci. A shekarar nan kuma ikilisiyar Baptist ta garinsu ta fitar da shi. Waɗansu daga cikin mabiyansa suka kafa ikilisiyar masu kiyaye Asabar a 1863, amma shi bai karɓi koyarwar Asabar ba. Ya gina ƙaramin ɗakin sujada kusa da gonarsa a 1848, idanunsa kuwa suka dushe har ya daina karatu. Ya rasu ran 20 ga Disamba 1849, yana sauraron komowar Ubangijinsa, aka binne shi a Low Hampton.