Audu Bako: ɗan sandan da ya kawo ruwa Kura da Bunkure

Yawancinmu a jikin sakatariya da gidan zu kawai muka san sunan Audu Bako. To, koren da kake gani shar da rani in ka bi hanyar Zariya, daga Kura har Kadawa, shi ma aikinsa ne.

An haife shi a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, don mahaifinsa ma ɗan sanda ne. Ya yi Midil ta Zariya, ya shiga aikin a 1942. Da Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, shi aka ba Kano, lokacin har da Jigawa a ciki.

Mutumin nan bai karanta injiniyanci ba, amma ya gane inda gizo ke saƙar: damina wata huɗu ce, in ta wuce sai majiya ƙarfi su tafi ci-rani. Sai ya duƙufa kan madatsun ruwa. Aka yi Bagauda, aka yi Tiga, wadda aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya gasa wa Arewa aya a hannu. Tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ruwan ke tafiya. Injiniyoyi suka auna gangaren ƙasa, suka shimfiɗa babbar magudana yadda ruwa zai gangaro da kansa daga Tiga, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure, Garun Malam da Kura, ba tare da inji ya turo shi ba. Lissafa kuɗin fetur a yau ka gani! Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa duk daga nan suke sha.

Sai dai aikin ya bar baya da ƙura. Ambaliyar da masunta da manoman fadamar Haɗejiya zuwa Nguru suka dogara da ita ta ragu sosai.

Juyin mulkin 1975 ya sauke shi, ya koma noma, ya rasu a 1980. Allah ya jiƙansa.

Magudanan nan sun haura shekara arba'in, yashi da kacalla na toshe su. Masu gyaran su ne waɗanda suka karanta injiniyancin noma, kuma akwai sashen a BUK da ABU Zariya, duk da 'yan ajinmu kan tsallake shi a fom ɗin JAMB.