Labarin Nikolaus Otto da Injin Mota

Kullum muna jin ƙugin mota a hanya, amma kaɗan ne cikinmu suka san mutumin da ya kafa tushen injinta. Sunansa Nikolaus Otto. An haife shi a ƙauyen Holzhausen a ƙasar Jamus cikin 1832, a shekarar nan kuwa ubansa ya rasu. Bai yi karatun injiniya ba. Da ya girma ya zama yaron 'yan kasuwa a birnin Kolon, yana yawo gari gari yana sayar da shayi da sukari.

Cikin 1860 wani mutum mai suna Lenoir ya ƙera inji a Faris, mai ƙona gas na kwal a cikinsa. Injin yana shan gas da yawa, ƙarfinsa kuwa kaɗan. Otto ya sa aka yi masa irinsa, ya dinga gwaji. Sai ya lura, idan an matse gas da iska kafin a sa musu wuta, bugun yakan fi ƙarfi ƙwarai. Cikin 1862 ya gina inji bisa wannan dabara, amma bugun ya yi tsanani har injin ya farfashe.

Sai ya ajiye dabarar. Cikin 1864 ya haɗa kai da Eugen Langen, ɗan mai masana'antar sukari, wanda ya kawo kuɗi. Suka yi wani irin inji dabam, ya ci lambar zinariya a baje kolin Faris na 1867, gama gas ɗin da yake sha bai kai rabin na Lenoir ba. Duk da haka dogo ne, mai yawan ƙara, ƙarfinsa kuma bai wuce na doki uku ba.

Bayan shekara 14 Otto ya koma kan abin da ya fasa masa inji. Cikin 1876 ya yi nasara. Ga yadda injin yake aiki. Fistan ya sauka, ya shaƙo gas da iska. Ya hau, ya matse su. Wuta ta kama, ta tura shi ƙasa da ƙarfi. Ya sāke hawa, ya kori hayaƙi waje. Cikin tafiya huɗun nan ɗaya ce kaɗai take ba da ƙarfi, sauran ukun kuwa wani gargare mai nauyi ne yake juya su.

Aka ba shi takardar mallakar dabarar cikin 1877. Amma cikin 1886 shari'a ta soke ta, domin an tarar wani Bafaranshe, Beau de Rochas, ya rubuta irin wannan tsari tun 1862, ko da yake bai taɓa gina injin ba. Daga nan kowa a Jamus ya sami damar yin irinsa ba tare da biyan Otto ba.

Injin Otto mai nauyi ne, na girkewa a masana'anta. Daimler da Maybach, waɗanda suka yi aiki tare da shi, su suka mai da shi ƙarami mai shan fetur, suka sa shi a keken doki cikin 1886. A shekarar nan kuma Karl Benz ya fito da motarsa mai ƙafa uku.

Otto ya rasu a Kolon cikin 1891, yana da shekara 58. Takardarsa ta faɗi, amma in makaniki ya buɗe mana injin motar fetur yau, tafiya huɗun nan za mu tarar a ciki.