WALIYYI YOHANNA BOSKO, UBAN MARAYU DA MATASA

Kowace ranar 31 ga Janairu Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Yohanna Bosko, firist ɗan ƙasar Italiya. Ya dace mu dubi rayuwarsa, gama babban aikin da Allah ya yi ta hannunsa daga ƙaramin alheri ya soma.

An haife shi ranar 16 ga Agusta, 1815, a ƙauyen Bekki, a gidan talakawa manoma. Bai cika shekara biyu ba mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Margareta ta rene shi cikin tsoron Allah. Tun yana yaro yake marmarin zama firist, amma babu halin karatu. A shekarar 1829, yana komawa gida daga sauraron wa'azi, sai wani tsohon firist mai suna Kalosso ya tsaya ya tambaye shi abin da ya ji. Da ya ga kaifin basirarsa, ya ɗauki nauyin koya masa Latin. Tsohon ya rasu bayan shekara guda, amma ya riga ya buɗe wa yaron hanya. A 1841 aka keɓe Yohanna firist a birnin Turin.

A zamanin nan samari suna kwararowa Turin daga ƙauyuka neman aikin gini, babu wurin kwana, da yawansu kuwa a kurkuku suke ƙarewa. Kamar yadda Fada Bosko da kansa ya ba da labari, ranar 8 ga Disamba, 1841, yana shirin yin Misa, sai ya ga mai kula da kayan bagade yana korar wani yaro da duka, don bai iya taimaka wa firist a bagade ba. Ya sa aka kirawo yaron. Sunansa Bartolomeyo Garelli, maraya ɗan shekara 16, bai iya karatu ba. Bayan Misa ya zauna da shi cikin fara'a, suka yi addu'ar gaisuwar Maryamu, ya fara koya masa addini. Ran Lahadi yaron ya dawo da abokansa.

A 1846 suka sami wata rumfa a unguwar Baldokko, Margareta kuma ta baro ƙauye ta zo taimakon ɗanta. Waɗansu da ya taɓa ba masauki sun gudu da barguna. Duk da haka, da wani maraya ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin ruwan sama a 1847, ta ba shi abinci, ta shimfiɗa masa a ɗakin girki. Daga nan gidan marayu ya kafu, aka buɗe wuraren koyon ɗinki, gyaran takalma, kafinta da buga littattafai. A 1859 ya kafa ƙungiyar Salesiyawa, wadda ta iso Nijeriya a 1982. Ya rasu ranar 31 ga Janairu, 1888, Paparoma Piyus na 11 kuma ya sa shi cikin waliyyai a 1934.

Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mu ma akwai yaran da ke raɓe a ƙofar majami'unmu, babu mai tambayar sunansu. Ranar Lahadi mai zuwa mu kira ɗaya, mu ji ko ya ci abinci, ko yana zuwa makaranta.

Waliyyi Yohanna Bosko, ka yi addu'a dominmu. Amin.