Shehu Ahmad Baba na Timbuktu: Malamin da Ɗauri Bai Hana Shi Rubutu Ba

A wannan mako za mu kawo tarihin Shehu Ahmad Baba, ɗaya daga cikin manyan malaman Malikiyya na Afirka ta Yamma.

An haife shi a shekarar 1556 cikin zuriyar Aƙit, gidan da ya daɗe yana riƙe da alƙalancin Timbuktu. Ya fara karatu wajen mahaifinsa, sa'an nan ya lizimci Shehu Muhammad Bagayogo shekaru masu yawa, har ya zama kogi a fiƙihu da nahawu da hadisi.

A 1591 rundunar Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, ta ƙetaro Sahara da bindigogi, ta karya daular Songhai a Tondibi. Malaman Timbuktu ba su yi na'am da wannan mamaya ba, domin Musulmi ne suka far wa Musulmi. Saboda haka a 1593 aka kama su, aka washe gidajensu, Shehu ya yi hasarar littattafai kimanin 1,600. A 1594 aka kai shi Marrakesh cikin mari, har ya faɗo daga kan raƙumi a hanya ya karye a ƙafa.

Bayan shekara biyu aka fito da shi daga kurkuku, amma aka hana shi barin birnin. Sai ya zauna a Masallacin Shurafa yana karantarwa, alƙalai da malaman ƙasar da ta ɗaure shi suna ɗaukar karatu a gabansa. A can ya kammala Nailul Ibtihaj, littafin tarihin malaman Malikiyya. Sai bayan rasuwar al-Mansur aka bar shi ya koma gida, wajen 1608.

Mutanen Tuwat sun nemi fatawarsa game da bayin da ake kawowa daga kudu, a 1615 ya amsa musu da littafin Mi'irajus Su'ud. Bai soke bauta ɗungurungum ba, ya tsaya kan fiƙihun zamaninsa. Amma ya rushe da'awar cewa baƙar fata alamar bauta ce, ya ƙaryata tatsuniyar la'anar Ham ɗan Annabi Nuhu (A.S.), ya kuma ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda haramun ne a bautar da mutanensu. Ya hukunta cewa idan wanda aka kamo daga irin waɗannan ƙasashe ya ce shi ɗa ne, to, mai riƙe da shi ne zai kawo hujja.

Lalle wanda ya taɓa ɗanɗanar mari ya fi kowa sanin darajar 'yanci. Shehu ya rasu a Timbuktu a 1627, kuma cibiyar adana tsofaffin rubuce-rubuce da aka kafa a garin a 1973 sunansa aka sa mata.

Allah Ya jiƙansa, Ya amfane mu da iliminsa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.